Mayar da birkin gaban tsohuwar mota daga durom zuwa diski: tambayoyin da ake yawan yi mini a Zariya

Bitil ɗin da nake hawa ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da ita ya yi shekaru yana zuwa koyarwa daga Tudun Wada, kuma da ta dawo hannuna birkinta durom ne ƙafa huɗu, yadda ta fito daga kamfani. Shekara 3 ke nan da na mayar da na gaba diski. Tun daga lokacin, duk inda na ajiye ta, ko a Kwangila ko a bakin masallaci ranar Juma'a, sai an sami wanda ya durƙusa ya leƙa ta ramukan wili, ya miƙe da tambaya a bakinsa. Ni ba bakanike ba ne. Amma a kan idona aka yi aikin daga kwance notin farko har ɗaure na ƙarshe, kuma aljihuna ya ji a jikinsa kan kurakurai biyu da za ku ji labarinsu a ƙasa.

Malam, ni fa ban ma gane bambancin durom da diski ba.

Durom kamar ƙwarya ce ta ƙarfe da aka kifa a bayan wili, tana juyawa tare da taya. A cikinta akwai takalma biyu masu lanƙwasa, waɗanda kanikawa ke ce wa shu. In ka taka birki, mai ya turo ɗan fiston, takalman su buɗe su gogi cikin ƙwaryar. Komai a rufe yake faruwa. Diski kuwa faifai ne a fili, kalifa ta hau bakinsa ta matse shi da fad biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kamar ka kama faranti da babban yatsa da manuni.

Dabarar ta daɗe. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi mata rajista tun 1902, sai dai kayan aikin zamaninsa ba su kai ba. Sai da Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1953 da diskin kamfanin Dunlop, Citroën DS kuma ta fito da shi a 1955, sannan sauran kamfanoni suka bi sahu. Motocin talakawa ne suka jima da durom, saboda ya fi arahar ƙerawa.

To idan na sa diski, motar za ta fi saurin tsayawa ke nan?

A nan mutane da yawa suke jin ba daɗi da amsata. A taki na farko, a busasshiyar kwalta, birki da sanyinsa, ba lalle ba ne ka ga wani bambanci. Durom mai lafiya yana iya kulle tayar Bitil har ta ja ƙasa tana ihu. Da zarar taya ta kulle, birki ya gama nasa, abin da ya rage tsakanin roba ne da kwalta. Wanda ya sa diski a kan tayar gwanjo da ta bushe ta tsattsage bai ƙara komai ba. Duba gefen tayarka, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: in ka ga 2318, a mako na 23 na shekarar 2018 aka yi ta. Daga nan ya kamata lissafi ya fara.

Inda diski ke nuna kansa shi ne taki na biyar da na goma. Aikin birki shi ne ya mayar da gudu ya zama zafi, kuma zafin ba daidai da gudun yake hawa ba: tsayar da mota daga kilomita 100 a awa yana haifar da zafin da ya ninka na kilomita 50 sau huɗu. Durom in ya ɗau zafi sai ya buɗe, ya yi nesa da takalman, matakin birki ya riƙa nutsewa ƙasa, fuskar takalman kuma ta yi santsi ta daina kamu. Ga shi a rufe, iska ba ta shiga. Diski kuwa iska na kaɗa shi ta ko'ina, in ma ya kumbura, wajen fad yake kumburowa. Zariya shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba mu da gangarar da za ta gwada mutum. Amma duk wanda ya taɓa saukowa daga Jos ya nufo Saminaka da mota cike da iyali ya san warin birki. Haka hanyar Kaduna a ranar da tireloli suka yi yawa, kana taka totur kana taka birki tun daga Dan Magaji.

Na biyu ruwa. A watan Agusta, in ka ratsa kududdufin da ya kai rabin taya, ruwan yakan zauna a cikin durom. Ka taka ka ji kamar ba ka taka komai ba, ko ɓangare ɗaya ya riga ɗaya bushewa motar ta fizge sitiyari. Diski yana juyawa sau kaɗan ya watsar da ruwan.

Na uku, kuma ni shi ya fi burge ni, diski da kansa yake matsowa yayin da fad ke cinyewa. Durom ɗin tsofaffin motoci sai an riƙa shiga ƙarƙashi da sukundireba ana juya 'yar tauraruwar nan ta saiti. In an saita hagu fiye da dama, kullum motar na jan ka wajen 'yan acaɓa.

Ni da ba na wuce Samaru zuwa Sabon Gari, sai ko ɗaurin aure, ina da buƙata?

Gaskiya ba ka da ita, Alhaji. Abin da ka fi buƙata shi ne a gyara durom ɗin yadda ya kamata. Yawancin masu cewa durom ba ya kamu ba su taɓa tuƙa mai lafiya ba. Abin da suka sani shi ne wanda fistonsa ɗaya ya ci tsatsa ya maƙale, giris ya jiƙe takalmansa, tiyonsa na roba kuma tun zamanin Shagari ba a canza ba. A sa sababbin takalma da fiston da tiyo, a zuba sabon mai, a saita. Ka yi wata guda kana hawa. In har yanzu ranka bai kwanta ba, sai a yi maganar diski, kuma ba ka yi asara ba, don gyaran na baya dama wajibi ne ko da an canza na gaba.

Wani gargaɗi ga yaran gareji: tsofaffin takalman birki da yawa da asbestos aka yi su, wani sinadari da ƙurarsa ke illa ga huhu. Kada a hure ƙurar da baki ko da iskar kwamfaresa. A jiƙa tsumma a goge.

Wace irin mota ake yi wa wannan aikin?

A garin nan uku ne suka fi zuwa: Bitil, Fijo 404 da Landiroba.

Mai Fijo 504 ya huta. Tun fitowarta a 1968 da diski take a gaba, kuma waɗanda kamfanin PAN ya yi ta harhaɗawa a Kakuri, Kaduna, bayan buɗe shi a 1975 haka suke. In birkin 504 ɗinka ba ya kamu, gyara yake so.

Bitil ta fi kowace sauƙi, domin Volkswagen da kansu sun yi wa motarsu Karmann Ghia da wasu Bitil na kasuwar Turai diski a gaba tun wajen 1967, ka ga akwai kayan asali da suka dace. Sai dai ƙafar gaban Bitil ba iri ɗaya ba ce. Akwai tsohon yayi mai kinfin, wato fil ɗin ƙarfe da ƙafa ke karya kwana a kansa, akwai mai boljoyin, wato mahaɗi mai kan ƙwallo, wanda Jamus ta koma yi daga ƙirar 1966. Kayan wannan ba ya shiga wancan. Kada ka dogara da shekarar da ke rubuce a takardar mota. An harhaɗa Bitil a Legas daga 1975, an kuma shigo da wasu daga waje, sannan a cikin shekara arba'in da wani abu Allah kaɗai ya san ƙafar wace mota aka ɗaura wa taka. Cire taya ka duba da idonka, ko ka ɗauki hoto ka nuna wa mai sayar da kayan.

Fijo 404 ta fito a 1960 da durom, daga baya zuwa ƙarshen shekarun 1960 aka fara sa wa wasu diski a gaba. In ka dace da ƙafar irin waɗannan a wajen 'yan gwangwan, ka tsinci dami a kala. Masu cewa a ɗauko na 504 kawai a ɗaura su tuna cewa wilin 404 salun noti 3 ne, na 504 kuwa 4.

Landiroba tsohon yayi, daga na farko har Series III da aka daina a 1985, durom ne gaba da baya. Sai One Ten ta 1983 ta zo da diski a gaba. Akwai kamfanonin waje masu yin cikakken saiti domin tsofaffin, amma ya fi na Bitil tsada nesa ba kusa ba, kuma zaren notinta yawanci na inci ne, ba na milimita ba.

Me da me zan saya?

Diski biyu, kalifa biyu da fad ɗinsu, sai abin da kalifar za ta zauna a kai. A Bitil mai boljoyin, ko dai a canza sandar da taya ke juyawa a kanta gaba ɗaya a sa mai kunnuwan kalifa, ko a sayi ƙarfen da aka ƙera musamman ana ɗaure shi da noti a jikin tsohuwar. Sannan sabon boris da robar da ke tare giris, sabon tiyo na roba, farantin da ke kare diski daga taɓo ta baya, da mastar da ta dace, wato famfon da ke tura mai zuwa ƙafafu in ka taka birki. Mutane sukan yi kasafin diski da kalifa kawai, sai an kwance mota a tarar kuɗi ya ƙare a rabin hanya.

Abu ɗaya da ya kamata yaron gareji ya sani kafin ya kama sifana: notin ƙafar hagu ta gaban Bitil zarensa a juye yake, kuma ta tsakiyar wannan sandar wayar sifidomita ke bi. Na ga yaro ya hau kan sifana da ƙafa yana ƙoƙarin kwancewa, alhali ƙara ɗaurewa yake yi.

Dole ne sai na canza masta? Tawa fa lafiyarta ƙalau.

Ga kuskurena na farko. Wanda ya fara yi mini aikin, ba zan faɗi garejinsa ba, ya ce mini, "Haba Malam, masta ai masta ce, bar kuɗinka." Na ji daɗin maganar don ta yi daidai da aljihuna. Da aka gama sai matakin birki ya yi ƙasa da yawa, shi kuma ya shiga ƙarƙashin sitiyari ya ƙara wa sandar da ke tura masta tsawo har matakin ya taso ya yi tauri. Muka zaga unguwa, birki kamar na sabuwar mota.

Washegari na kama hanyar Kaduna. Kafin in kai Jaji sai na ji motar ta yi nauyi kamar ina jan wata a baya, ina ba ta wuta tana noƙewa. Sai wari. Na sauka gefen titi, na kai hannu kusa da wilin gaba na janye ba shiri, diskin har ya sauya launi ya yi shuɗi-shuɗi. Wani mai faci da ke wurin ya taho da ruwa a galan zai watsa, wani dattijon direba da ke shan shayi ya daka masa tsawa, ya ce diski mai zafi in ya sha ruwan sanyi lanƙwashewa yake ko ya tsage. Muka jira ya huce. Dattijon ya karɓi ƙaramin sifana ya ɗan sassauta kan nonon kalifa, wato ɗan notin da ake fitar da iska ta cikinsa, mai ya yi tsartuwa, nan take taya ta saki. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mastarka ba ta mayar da mai."

Abu biyu ne suka haɗu. A cikin masta akwai wani ɗan rami kamar na allura da mai ke komawa ta cikinsa in ka ɗaga ƙafa. Da aka ƙara wa sandar tsawo sai fiston ya toshe shi. Mai ya yi zafi ya kumbura, ba hanyar komawa, ya matse fad, fad ya ƙara zafi, haka abin ya yi ta hawa. A Bitil ana barin wasa kamar milimita 1 tsakanin sandar da fiston, wanda a matakin birki za ka ji shi kamar milimita 5 zuwa 7 kafin ya fara turawa. Na biyu, mastar durom da yawa tana da ɗan bawul da ke riƙe matsi kaɗan a cikin bututu ko ba a taka ba. Durom yana son haka, don yana da sifirin mai ƙarfi da ke janye takalma. Kalifa ba ta da wannan sifirin, robar fiston ce kawai ke ɗan ja da baya, saboda haka matsin da bai dami durom ba yana sa fad ya yi ta gugar diski.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan. Motoci da yawa na kafin 1967 masta mai layi ɗaya gare su: tiyo ɗaya ya fashe, birkin ƙafa huɗu ya tafi. Mai layi biyu ta raba gaba da baya, in ɗaya ya zube ɗaya na nan. Tunda an riga an kwance mota, wannan ne lokacin sa ta. Ni da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin diski da masta mai layi biyu, mastar zan ɗauka.

A kula da faɗin cikinta. In ta yi faɗi da yawa, mataki zai yi tauri kamar dutse amma kamu kaɗan. In ta yi ƙanƙanta, zai tafi har ƙasa kafin ya kama. Kuma a Bitil makunnin fitilar birki a jikin masta yake, a tabbatar an mayar da wayarsa.

An sa mini diski, amma sai na taka da ƙarfi fiye da da. An cuce ni ne?

Ba lalle ba. Durom yana da wata baiwa: juyawarsa tana jan takalmin gaba tana ƙara cusa shi a jikinsa, wato yana taya ƙafarka aiki. Diski ba ya yin haka, iya abin da ka taka iya abin da ka samu. Shi ya sa motocin zamani ke da busta, wannan baƙar tukunyar da ke bayan masta, mai amfani da zuƙar injin. Bitil ba ta da nauyi, kilo 800 ne da 'yan kai, ba ta buƙatar busta, ƙafa takan saba cikin mako guda. Landiroba ko akori-kura mai ɗaukar buhunan masara daga Giwa kuwa, a yi lissafin busta tun farko. In injin dizal ne, sai an haɗa da famfon da zai samar da zuƙar, don shi ba ya bayarwa kamar na fetur.

Wani ya ce zai ɗauko kalifar Golf ko Toyota, mai walda ya yi mata mazauni. Ya halatta?

A mota ta, a'a. Ba raina masu walda nake ba, akwai masu hannu a Sabon Gari da Panteka ta Kaduna da za su ƙera maka abin da za ka rantse daga Jamus ya zo. Matsalar ita ce wurin. Duk ƙarfin tsayar da mota a kan wannan ɗan ƙarfen yake sauka, sau dubbai, da zafi da sanyi da gargada. Sandar ƙafa ƙarfe ne da aka yi wa wuta ta musamman a kamfani, walda tana canza masa hali, kuma tsagewar ba ta ba da sanarwa. In mazaunin ya karye, kalifa za ta bi diski ta tsinke tiyo, ko ta cije wili.

Ko an kauce wa walda, an sassaƙa mazaunin daga farantin ƙarfe mai kauri an ɗaure da noti, sai kalifar ta zauna daidai tsakiyar diski, fad ya kwanta a kansa gaba ɗaya, girman fistonta kuma ya yi daidai da masta da birkin baya. Notin ma ba kowane ba, a duba lambar ƙarfinsa a kansa a ga 10.9, ko aƙalla abin da masu kayan suka rubuta. Wanda ba zai iya yi maka bayanin waɗannan ba, gyaran gangar Auzinawa zai yi maka.

Haka batun bututu. Kada a yarda da bututun jan ƙarfe na firji ko na gas. Jijjiga tana sa shi ya yi tauri ya tsage. Na birki daban yake, na ƙarfe ko na gaurayen jan ƙarfe da nikel, kuma bakinsa ninki na musamman ake yi masa.

Wilina na asali zai shiga?

A gwada kafin a biya. Tsofaffin Bitil noti 5 ne masu faɗin tazara, na baya-bayan nan noti 4. Yawancin diskin da ake samu na noti 4 ne, ka ga mai tsohuwa ko ya nemi saitin noti 5, ko ya zauna da gaba daban baya daban, safaya ɗaya ba ta yi masa. Wani wilin kuma notinsa ya dace amma cikinsa yana taɓa kalifa. Wasu saitin sukan turo taya waje kaɗan, ta riƙa gugar bodi in an karya kwana. A ɗaura wili, a juya da hannu, a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a ga tiyo bai miƙe ba kuma bai taɓa taya ba. Safayar ma a gwada ta.

Mun yi ta cire iska tun safe, birki na nan kamar soso. Me ya faru?

Kuskure na biyu ke nan, a gareji na biyu. Ina zaune a mota ina bugawa, yaro na ƙasa yana cewa "Taka, Baba. Riƙe. Saki." Muka ƙarar da gwangwanin mai biyu. Can maigidansa ya dawo daga sallar La'asar, ya leƙa sau ɗaya, ya ce, "Kai, ina kan nonon yake?" Yaro ya nuna. A ƙasa yake. An sa kalifar hagu a dama, ta dama a hagu. Suna shiga daram, noti ya ɗauru, amma iska sama take taruwa, in mafitar na ƙasa ko kwana za a yi ba za ta fita ba. Aka musanya, cikin minti goma mataki ya tsaya.

In ba wannan ba ne, a duba ko takalman baya sun yi nisa da durom, don rashin saitinsu yana kama da iska a ƙafa. Sabuwar masta kuma gara a cika ta a fitar mata da iska tun kafin a ɗaura. An saba farawa da tayar da ta fi nisa da masta, kuma kada a bar kofin mai ya ƙafe ana cikin yi.

Wane mai zan zuba?

Man birki mai lambar DOT 4 a jikin gwangwani, kuma daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Amma man birki yana shan danshin iska, in ya sha sai ƙarfin ya sauko wajen 140 da 155. In ya tafasa ya zama tururi, mataki ya tafi ƙasa babu kamu. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2 ko motar a ajiye take. Kalifa ta fi fiston ɗin durom kai zafi ga mai, don haka bayan canji wannan ya ƙara zama dole.

DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. Kada lambar ta ruɗe ka da DOT 5.1, wanda shi dangin 3 da 4 ne. Baƙin mai ko na giyar mota ko ɗigo ɗaya ya shiga, robobi za su kumbura. Masu zuba ruwan sabulu in mai ya ƙare a hanya su sani ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma tsatsar da zai bari sai an canza kalifa. In man ya zuba a fenti a wanke da ruwa nan take, yana ci.

Me zai hana in sa diski a baya ma, in huta gaba ɗaya?

Ba ka buƙata. In ka taka birki nauyi gaba yake tafiya, ƙafar gaba ce ke yin mafi yawan aikin. Durom a baya ya wadatar, kuma birkin hannu ya fi kamu a cikinsa.

Abin lura shi ne daidaito. Ana so tayoyin gaba su riga na baya kullewa. In na baya suka riga, gindin motar zai juyo ya wuce kanta, abin da direban akori-kura marar kaya ya sani sarai. In aka ga haka, akwai bawul da ake sawa a layin baya yana rage masa matsi. Bitil kuma injinta a baya yake, gabanta ba nauyi, musamman in tankin mai ya kusa ƙarewa, don haka ita matsalarta gaba ya kulle da wuri a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta. Manyan kalifa ba gata ba ne a gare ta.

Ina ake samun kayan, kuma nawa zan tanada?

Farashi ba zan faɗa ba, don da dala yake tafiya, abin da na biya shekara 3 da suka wuce yau dariya zai ba ka. Boris da tiyo da mai da roba ana samu a Sabon Gari. Kalifa da sandar ƙafa sai an tona, a Panteka, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko a aika Ladipo a Legas. Cikakken sabon saiti yawanci daga waje ake yo odarsa. Kalifar gwanjo ba laifi in an buɗe ta an ga fiston bai yi ramukan tsatsa ba, aka sa sababbin robobi. Diskin gwanjo kuwa a auna kaurinsa, akwai lambar mafi ƙarancin kauri a rubuce a gefensa. Fad da tiyo da masta, sababbi kawai.

Hajiya ce ke tambaya: motar marigayi maigidanta ce, canjin ba zai rage mata daraja ba?

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji. In motar ta ajiya ce, ana fito da ita ranar salla a zaga a mayar, a bar ta yadda ya bar ta. Masu sayen tsofaffin motoci sun fi son komai na asali. In kuwa yara za su riƙa hawa da ita zuwa Kano, a yi canjin irin na ɗaurin noti, ba yanka ba walda, a wanke tsofaffin kayan a shafa musu mai a sa a buhu a ajiye a ɗaki. Duk ranar da aka so, yini ɗaya ya isa a mayar. Kada a bari yaran gareji su sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

An gama, an sauke mota daga jak. Sai in kama hanya?

Tukuna. Sabon diski da maiƙo yake zuwa don kada ya yi tsatsa, a tabbatar an wanke shi kafin a ɗaura. Mota na tsaye, ka taka birki da ƙarfi ka riƙe rabin minti. In mataki yana sulalewa ƙasa a hankali, akwai yoyo ko masta ba ta riƙewa, kada ka fita. Sa wani ya tsaya a baya ya ga fitila na kamawa.

Sannan ka nemi hanya marar mutane da sassafe. Ni hanyar Shika na bi bayan sallar Asuba. Ka kai kamar kilomita 60 a awa, ka taka da matsakaicin ƙarfi har ka sauko kusan 10, kada ka tsaya cak, ka sake hawa. Ka yi haka sau takwas ko goma, sannan ka yi tafiyar 'yan mintuna ba taka birki don ya huce. Wannan ne ke sa fad ya kwanta a kan diski. Daga nan ka sami fili mai tsakuwa, a gudu kaɗan, ka taka da ƙarfi, wani na gefe yana kallon wace taya ce ta fara ja. Ka dawo gida ka ɗaga gaba da jak, taya ta juya da hannu ɗaya. Bayan mako guda a sake bin duk notin da sifana, a duba wasan boris.

Diski a fili yake, ƙurar hunturu da jan taɓon damina suna samunsa fiye da durom. Fad zai fi saurin cinyewa in kana yawan bin hanyar ƙauye, kuma in kalifarka mai zamiya ce, sandunanta suna son a goge a sa musu man da ba ya cin roba sau ɗaya a shekara. In mota ta kwana biyu a ajiye da damina za ka ga diskin ya yi ja, ka ji ƙara a takin farko da na biyu. Tsatsar sama ce, kafin ka kai Ƙofar Doka ta goge.